Na'ura Ta Yi Kuka a Kan Mutum Biyu

Ku gafarce ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. Sunana Najiba. Labarin yayata ne, Shafa'atu, da izininta na rubuta, har wayarta ta ba ni na kwafi saƙonnin. Inda na yi kuskure, ni za ku yi wa dariya, ba ita ba.

A filin jirgi suka haɗu, da hantsi, dukkansu ba takalmi a ƙafa.

Shafa'atu za ta Abuja ganin likita, Gwaggo Adama na rakiyarta. Da Shafa'atu ta ratsa ƙofar binciken nan da ake bi kafin a shiga jirgi, sai na'ura ta yi kuka. Ta cire 'yan kunne da allurar hijabi ta sake bi, na'urar ta sake kuka. Ma'aikaciya ta ce, "Malama, fito gefe," ta nuna mata wani benci.

Akwai saurayi zaune a ƙarshen bencin, dogo, baƙi, takalmansa a kan cinya. Ya matsa can, ya bar mata fili kamar na mutum uku.

"Sannu da zuwa layin masu laifi," in ji shi.

Cikin kunya ta ce, "Kai mi ka yi?"

"Laifina biyu. Ƙofa ta yi mani kuka, sannan suka goga wani ɗan ƙyalle a hannuna da jakata, suka sa a wata na'ura, ita kuma ta ce akwai abin fashewa."

"Innalillahi!"

"Taki ne fa. Jiya wuni na yi ina ba masara takin zamani, kuma a jakar nan nake zuba ragowar. Ashe a hancin na'ura taki da bam 'yan ɗaki ɗaya ne. Taron manoma za ni, ga shi zan isa a matsayin ɗan ta'adda."

Ta yi dariya cikin hijabi. "To, ita ƙofar fa?"

Ya dafa kafaɗarsa ta hagu. Ya ce sunansa Mas'ud, mutumin wani ƙauye ne a Sabuwa. Shekara biyu da suka wuce suna yankan dawa shi da wansa Mani, 'yan bindiga suka ɓullo daga cikin kara a kan babura. Mani suka fara harbi, a wuya, ya faɗi da lauje a hannu. Mas'ud ya sunkuya zai ɗaga shi, suka same shi a kafaɗa. Likita ya ce harsashin ya kwanta jikin ƙashi, fitar da shi ya fi barinsa haɗari.

Shafa'atu ta dubi yatsun ƙafarta. Sai ta faɗa wa baƙon nan abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa a waje ba.

"Ni ƙarfe ne a ƙaurina. Da kusoshi shida."

Mutanen garinmu Ƙanƙara sun san cewa bara Shafa'atu ta yi jinyar taifod a gidan Gwaggo a Funtuwa. Ƙarya ce, mu 'yan gida muka shirya ta. 'Yan bindiga ne suka tare motarsu a hanya, suka kora su daji. Ta yi yunƙurin gudu a rana ta uku, wani ya kamo ta, ya karya mata ƙafa da gindin bindiga, sau biyu ya buga don na farko bai gamsar da shi ba. Kwana ashirin da uku ta yi a can. Babanmu, Alhaji Uwais, ya ce duk wanda ya fitar da maganar bai yafe ba, domin ya san abin da bakin mutane ke yi wa yarinyar da ta kwana a daji.

Aka kira ta ɗakin mata, aka kira shi na maza. Takardun asibiti suka fitar da su. Kafin jirgi ya sauka Gwaggo Adama, wadda ba ta da kunyar surukai, ta karɓi lambarsa da kanta.

Saƙonsa na farko ya ce: "Assalamu alaikum. Mai laifi na ɗaya ne ke gaida mai laifi ta biyu. Ya ƙafa? Mi likita ya ce?"

Ta amsa: "Wa alaikumus salam, Malam Taki. Ya ce ƙashi ya haɗe. Ka wanke hannu kafin ka dawo."

Wata huɗu suna haka. Yana ce mata Shafa tawa, tana ce masa Malam Taki ko da faɗa suke. Ranar da hadari ya haɗu ya rubuto: "Kafaɗata ta ce za a yi ruwa. Ƙafarki fa, ta yarda?" Ta ce: "Ta yarda tun asuba. Mu biyu mun fi gidan rediyo." Wata rana kuma ya rubuto: "Shafa tawa, ba ni da mota, gonata ma rabinta ba ta shiguwa. Amma in Baba ya ba ni ke, ba za ki ƙara ɗingishi a ɓoye ba. A gidana ki taka yadda ƙafar ta ga dama." Ta karanta wannan ta kifa kai a filo, ni na ɗauka zazzaɓi ne.

Bayan girbi ya zo gaida Baba. A zaure ya tarar da Yahuza, ɗan aminin Baba, mai shagon waya a bakin kasuwa, wanda ya shekara yana neman Shafa'atu tana zillewa.

Baba ya ce, "Ina kuka san juna da ɗiyata?"

Mas'ud bai iya ƙarya ba, kuma ba zai tona ta ba. Sai ya faɗi rabinsa kawai. Ya ce a filin jirgi ne, an fitar da shi daga layi saboda harsashin da ke jikinsa da kuma abin da na'ura ta shinshino a hannunsa, a nan ya gan ta. Har ya so ya ba da labarin takin, Yahuza ya katse shi.

"Harsashi a jiki, albarushi a hannu, kuma daga Sabuwa? Cikin mutum ɗari kai kaɗai hukuma ta ware? Alhaji, ni dai ban ce komai ba."

Baba ya miƙe ya naɗe buzunsa. "Yaro, ka gaida gida."

Da yamma ya tara mu ya ce kada ya sake jin sunan. Shafa'atu ta ce, "Baba, ni ma fa an fitar da ni daga layin." Ya daka mata tsawar da ban taɓa jin irinta ba. "Ke ba a fitar da ke daga ko'ina ba! Taifod kika yi!"

Ta rubuta wa Mas'ud: "Don mi ba ka ce tare muke a bencin ba?"

Ya amsa: "Sirrinki ne, ba nawa ba. Zan dawo Juma'a da takardar likitana da shugaban ƙungiyarmu ta manoma. Baba zai gane."

A garuruwanmu kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ba zagi ba ce, hukuncin kisa ce. Cikin kwana biyar maganar Yahuza ta zaga shaguna, ta koma cewa an kama wani ɗan Sabuwa da bam a filin jirgi, manyansa suka sa aka sake shi.

Ranar Juma'a shugaban manoman ya makara a Daudawa, Mas'ud ya iso shi kaɗai. Ana sallame salla 'yan sa-kai suka tare shi a ƙofar masallaci.

Ni ina dawowa daga aike, na gani da idona. Wani ya buga masa gora a ƙeya, ya durƙusa. Ya ciro takardar asibiti yana ɗagawa sama, aka fizge aka yaga. Suka ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar shanu, suka ja har kafaɗar nan mai harsashi ta yi ƙara, ya yi ihun da ya sa na toshe kunne. Suka yaga masa riga, wani ya danna bakin adda a kan tabon yana cewa, "Ga shaida! A wane hari ka samo shi?" Jini na zuba daga bakinsa, haƙoransa biyu a ƙasa cikin yashi. Yana ta cewa, "Manomi ne ni, wallahi manomi ne," ba mai ji. Shugabansu, Malam Gide, ya ce a kai shi bayan gari. Kowa ya san ba a dawowa daga bayan gari.

Baba na tsaye cikin jama'a da carbi a hannu. Yahuza na gefensa.

Ban san yadda na isa gida ba. Na ce, "Yaya, za su kashe shi."

Shafa'atu, wadda ta shekara tana koyon tafiyar da ba za a gane ɗingishinta ba, ta fito da gudu tana jan ƙafa a gaban duk garin. Ta kutsa cikin maza. A bakin ƙofar masallaci akwai mai gadi da 'yar na'urar hannu da ake shafa wa masallata kafin su shiga. Ta fizge ta daga hannunsa.

"Malam Gide! Don na'ura ta yi masa kuka za ku kashe shi?"

"Ke, ɗiyar wa ce wannan? A fitar da ita!"

Ta kai na'urar kan ƙaurinta na dama. Na'urar ta yi tsuwa. Ta ɗaga, ta sake kaiwa, na'urar ta sake tsuwa, wurin ya yi tsit har ana jin numfashin Mas'ud.

"Ni ce Shafa'atu ta Alhaji Uwais. Ban yi taifod ba. Kwana ashirin da uku na yi a daji, suka karya mani ƙafa, ƙarfe ne a ciki. Ranar da aka fitar da shi daga layi, ni ma an fitar da ni, benci ɗaya muka zauna. Abin da aka samu a hannunsa taki ne, irin wanda ke cikin farcenku duka. Ya san sirrina, da ya faɗa da ba ku taɓa shi ba, ya yi shiru. In kukan na'ura ne laifi, ku kawo igiya ta biyu."

Wani tsoho mai sayar da goro, daga Pauwa yake zuwa, ya matso ya ɗaga hannun riga. "Ɗiyata, gwada nan." Ta gwada, ta yi tsuwa. Wani mai babur ya juya mata baya ya nuna ƙugunsa, nan ma ta yi. Sai ta juya ta nufi Malam Gide da ita. Bai ja da baya ba, amma ya riƙe na'urar kafin ta kai cinyarsa.

"Bar shi," in ji shi a hankali. "Na san abin da za ta ce."

Baba ne ya fara motsi. Ya taka har tsakiyar fili, ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe Mas'ud, ya durƙusa yana kwance igiyar da hannunsa.

"Gaskiya ta faɗa," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Ni na ɓoye. Na ji tsoron bakinku, har na tsaya ina kallo za a kashe ɗan mutane." Ya dubi Malam Gide. "Wanga surukina ne. Mai son kai shi bayan gari ya fara da ni."

Da aka waiwaya neman wanda ya kawo rahoton, Yahuza ba ya wurin. Shagonsa ya yi wata guda a rufe.

Mas'ud ya kwana goma sha ɗaya a asibiti. Hannun hagu bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Mata kuwa sun yi maganar da Baba ya ji tsoro, wasu har gida suka zo jaje don su ƙare mata kallo. Ta ba su ruwa, ta raka su ƙofa tana ɗingishinta.

Daga gadon asibiti ya rubuto: "Shafa tawa, na zama mai giɓi. Kina so haka nan?"

Ta amsa: "Ka warke ka zo. Baba ya ce a turo magabata."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla, a ƙofar gidanmu, da safe don baƙin Sabuwa su koma da rana tsaka kafin hanya ta yi shiru. Malam Gide ya aiko da buhun shinkafa, Mas'ud ya ce a karɓa, Shafa'atu ta ce a kai gidan marayu, aka bi tata. Da za a tafi da ita Baba ya riƙe hannunta, Inna ta yi addu'a: Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya tsare hanyar da za su bi, Ya sa su ci abin da suka noma a gonarsu ba tare da waiwaye ba. Tsakar gida ta ɗauki amin.

Motar ta tashi, mata suka koma kan tukwane suna rabon waina. Na ji Gwaggo Adama tana tambaya wai ina yarinyar nan da aka ce tana rubuta abin da ya faru, a kirawo ta ta karanta wa mutane. Na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta ƙofar baya.