Barcin Rana Na Amarya

Ƙauri ne ya tashe ta. Amarya ta zabura daga teburin guga, ta tarar dutsen ya cinye hannun rigar da ta gama ɗinkawa. Karo na huɗu ke nan cikin mako guda barci yana sace ta da rana tsaka!

"Innalillahi! Shi ke nan, ciwon ya hau kaina," ta faɗa.

Wata biyu ke nan da aka gano cutar kansa a nononta, aka ɗora ta a kan kemo, ƙarin ruwan nan mai kashe cutar, mai kuma iya ƙona ƙwan haihuwa. Akwai wata mata da suke bin layi tare a asibiti. Da yawan barci ta fara, ashe ciwon ya kai ƙwaƙwalwa, ba a sake ganinta ba.

Tsoro ya hana Amarya gaya wa kowa. Surukarta kuwa, Umma, da ta tare a gidan don jinya, kullum safiya sai ta tsaya a kanta da kofin shayi.

"Shanye tas, 'yata, kar ki rage!"

Ran nan mijinta, Malam, ya dawo daga makaranta da alli a hannun riga, ya ga ƙonanniyar rigar, ya ga idanunta.

"Meye haka?"

Ta fashe da kuka. "Mutuwa zan yi, Malam. Ka yafe min, ban bar maka ko ɗa ɗaya ba."

"Haba! Ke na aura, ba ɗa ba. Ɗauko fayil ɗinki!"

Umma ta bi su asibiti, fuskar nan kamar an aiko mata da mutuwa. Likita ta saurara, ta haska idon Amarya, ta jawo takarda.

"Sai an yi hoton kai. Ban da magungunanmu, akwai abin da kike sha?"

"Babu, likita."

Sai Umma ta durƙushe, ta zaro wata 'yar kwalba daga jaka.

"Ni ce! A waya na ji an ce wani magani wai shi melatonin na kare ƙwan mace daga kemo. Ƙwaya uku-uku nake daka mata a shayi. Mijin nata shi kaɗai na haifa, likita, tsoro nake gidana ya mutu!"

"Subhanallahi, Hajiya! Wannan fa don barci ake shansa! Ana bincike a kansa, amma yawanci a jikin ɓeraye, ba a tabbatar wa mutum ba. Mai kemo kuwa ko ganye ba a ba ta sai mun sani. Bayan haka, ai mun ɗebi ƙwanta mun adana tun kafin a fara."

Umma ta waiga. "Kuka ɓoye min?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Kunya, Umma."

Kwana uku suka yi suna jiran hoton, abinci ya ƙi shiga bakin kowa. Hoton ya fito lafiya lau. Umma ta kasa haɗa ido da Amarya, sai Amaryar ce ta kamo hannunta.

"So ne ya ja, Umma. Na yafe."

Shekara huɗu aka yi ana haƙuri, Amarya ta warke, aka yi amfani da ƙwan da aka adana, sannan kukan jaririya ya cika gidan. To jama'a, ƙauna ba ta zama likita, kuma ɓoye-ɓoye tsakanin dangi ya fi ciwo saurin kisa. Har yau idan Umma ta haɗa shayi, sai ta fara kurɓa a gaban Amarya kafin ta miƙa mata.