Batirin Baba Ya Tafasa

"Yaya, wannan ne mutumin da kika ce mu zagayo ta shagonsa ki gan shi?"

Auta ce ta tambaya, da ƙarfi kuwa. Yaya ta so ƙasa ta tsage ta shige. Mai gyaran rediyon ya sunkuyar da kai yana murza waya, wai bai ji ba, amma murmushi ya tona masa asiri. Ya tambayi abin da ya kawo su, Yaya ta ce batirin tocila. Ko tocila ba su da ita a gida.

Daga ranar saƙonni suka fara yawo.

"Hasken shagona, yau ba a sayen batir?"

"Sai na fara sayen tocilar, Malam mai dariyar mutane."

Baba direba ne, kuma bai ɓoye ba: ya fi so Yaya ta auri ɗan abokinsa mai shagon magani. Ya ce yaron rediyo wasa ya yi masa yawa.

Ana haka batirin motar Baba ya sauka. Mai gyara ya ga dama ta samu. Ya kawo na'urar da yake ba rediyo wuta a shago, ya jona ja da ja, baƙa da baƙa, ya sassauta marafan batirin, ya tsayar da allura a kan sha huɗu. Ya roƙi kada kowa ya taɓa, batir a hankali yake shan wuta.

Yaya ta ƙagu Baba ya yabe shi. Da mai gyara ya tafi, ta murɗa maɓallin na'urar har ƙarshe don caji ya yi sauri, ta ja ƙofar ɗakin ajiya, inda batirin yake, saboda Auta.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ya fito da Mama daga kicin. Batir ya kumbura, ruwansa na tafasa, ya fantsama ya cinye rigar aikin Baba da ke rataye.

Aka kira mai gyara. Kallo ɗaya ya yi wa maɓallin, ya dubi Yaya, sannan ya durƙusa ya ce kuskurensa ne. Baba ya ce wanda ya kasa riƙon batir ba zai riƙe masa 'ya ba, ya nuna masa ƙofa.

Yaya ta daina cin abinci. Saƙon mai gyara ya shigo: "Kar ki damu, Zuciyata. Na ɗauka, ba nauyi." Shi ya fi komai ƙona ta.

Da safe ta sami Baba yana ɗaura takalmi, ta durƙusa. "Baba, ni na murɗa. Ya sani, ya rufa min asiri."

Baba ya ƙarasa ɗaura takalminsa. Can ya ce, "To ni na kori mai gaskiya ke nan. Wannan kunyar da ni za a raba ta."

Da ƙafarsa ya je shagon. Bayan wata biyu aka ɗaura aure, Baba na ta sa albarka, yana cewa Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma raba amarya da maɓalli.

'Yar'uwa, ki ji ni da kyau. Kar ki yi cajin batirin mota a rufaffen ɗaki, kar ki kai wuta kusa da shi, kar ki bari yaro ya matso. Ruwan nan makanta ido yake yi. In wanda ya san aikin ya ce kar a taɓa, ki maida hannunki baya.