Takobin Manjo

"Kowa ya kwanta!"

Badaru ne ya faɗa, bindiga a hannu, tsakar ranar Asabar a wani gida a Garki. Babu wanda zai kwanta sai mai gidan, Alhaji Tawfiq, tsohon darakta a ma'aikata. Iyalinsa sun tafi biki. Zulai ce ta kawo labarin, don wata guda ta yi tana musu aikatau.

Lokacin kuɗi na yawo a Abuja. Wasu na tara motoci, wasu filaye. Shi Alhaji takubban faretin hafsoshin Ingila yake tarawa, duk zuwansa Landan sai ya dawo da ɗaya. Ga su nan jere a bango. Wani dillali ya ce yana son su gaba ɗaya.

Kingsley, makaniken Apo kuma direbansu, ya kai hannu.

Alhaji ya ɗago kai daga kafet. "Ɗana, don Allah ba ta kaifin ba. Ta kube ake kamawa."

"Oga, fashi fa muke yi," in ji Kingsley.

"Na sani. Amma a yi shi a hankali."

Zulai ta tuntsure da dariya. Badaru ya ciro wani mai igiyar zinariya a mariƙi, ya zare shi. Ƙarfen ya yi wal. Jikinsa duk zane ne, har da kambin sarauta.

"Wannan na wane ne?"

"Na wani manjo ne. Ɗaga shi saitin hancinka. Gwiwar hannu a jiki. Yauwa. Ka taɓa aikin soja?"

"Sun ce tsayina bai kai ba."

"Sun yi asara," in ji Alhaji.

Suka ɗaure shi da rawaninsa, suka zuba takubban a but ɗin mota — sai hanyar Karu!

Badaru na gaba, takobin manjo a cinyarsa, yana sara wa duk motar da suka wuce. Kingsley na dukan sitiyari, Zulai na waƙa. Har wani ɗan acaɓa ya rama gaisuwar.

A Garki kuwa, Insifekta Margaret ta 'yan sanda ta kwance Alhaji.

"Su nawa ne?"

"Goma sha huɗu. Uku na sojan doki, ɗaya na—"

"Ɓarayin nake nufi, Baba."

"Au. Ban ƙirga ba."

A wani kangon bene a bayan Karu, Kingsley ya buɗe but. "Oga, kawo naka mu haɗa."

"Wannan ba na sayarwa ba ne."

"Dillalin ya ce duka ko babu."

"To babu. Daga yau Manjo za ku riƙa kira na."

Ya miƙa wa Zulai bindigar don nauyinta na hana shi maci, ya haye saman bene. Hagu, dama. Hagu, dama. Zulai ta dubi Kingsley. Kingsley ya dubi mota.

"Manjo, bari mu sayo abinci," ta ce.

"An ba ku izini," ya amsa daga sama.

Yana nan yana ba tulin bulo umarni motar 'yan sanda ta shigo. Ya leƙa. Sun kewaye kangon.

"Ajiye makaminka ka sauko," in ji Margaret.

Badaru ya sauko, amma bai ajiye ba. Yana dariya. Ya iso tsakar fili, ya ƙame, ya ɗaga takobin zai sara mata, gaisuwar soja. Wani sabon kurtu ya ga ƙarfe ya haska — tau!

Harsashin ya farfasa masa gwiwa. Daga baya a asibiti aka yanke ƙafar. Kingsley ma bai kai ko'ina ba, gudu yake da mota ya shige ƙarƙashin tifa a Mararaba, a nan ya cika. Zulai ta riga ta sauka daga motar da takubba biyu cikin zane, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Amma a lokacin Badaru bai san komai ba. Yana kwance cikin yashi, jini na zuba, Margaret na ɗaure masa cinya da ɗamararta. Ya kama hannunta.

"Madam, faɗa min gaskiya. Yarana sun tsira?"

Ta ja ɗaurin da ƙarfi, ba ta dube shi ba.

"Su suka bugo mana waya."