Wanda Ya Kama Giwan Ruwan Mesaimeer

Da ƙarfe tara na safiyar wata Asabar, cikin watan Maris na 2005, aka kira caji ofis daga wata gona da ke bayan garin Mesaimeer, a ƙasar Larabawa, aka ce an yi sata. Abin da aka sace kuwa kifi ne.

Sufeto Uwais ya shekara ashirin da biyu cikin kaki. Haifaffen Sudan ne, jikan mahajjatan Katsina da guzuri ya ƙare musu a hanya, don haka duk ƙarar da aka ji akwai Bahaushe a ciki, teburinsa take sauka. Sa'o'insa na can suna bin masu fasa-ƙwaurin zinare. Shi kuwa, da teɓarsa da ciwon gwiwarsa, aka tura shi neman kifi.

A tsakiyar gonar akwai tsohon ramin fasa dutse da aka cika da ruwa don ban-ruwan dabino. Shekara bakwai da suka wuce mai gonar ya sa aka kawo masa giwan ruwa daga Afirka aka saki a ciki. Kifi ya ci, ya ƙoshi, ya zama dodo. Duk Juma'a da yamma mai gonar da baƙinsa sai su jera a inuwa da sandunan fatsa masu tsada, suna jefa kifin roba kala-kala. Ba wanda ya taɓa kama shi.

"Direbanmu ne ɓarawon," in ji manajan gonar, tun kafin Sufeto ya rufe ƙofar mota. "Motarsa ƙarnin kifi take yi. Kafil, wato mai gonar da ya ɗauko shi aiki, ya ce a soke bizarsa. Laraba zai hau jirgi, khalas, magana ta ƙare."

Sufeto ya nufi bakin ruwan. Ya zagaya ramin har can gefen da babu inuwa, inda ba wanda ke zama. Nan ya ga ɓawon kifi mai faɗin kwandala da busasshen jini. A ƙarƙashin wani dutse kuma ya zaro doguwar igiya, an ɗaura mata tsakuwa a baki, an yi mata ƙulli a kowace gaba ɗaya, wato tsawon buɗe hannu biyu. Wani ya daɗe yana auna zurfin ruwan nan.

Direban, Mudasiru, ɗan Zangon Kumasi ne. Sufeto ya same shi zaune a kan taya ya haɗa kai da gwiwa.

"Ka iya kamun kifi?"

"Ofisa, ni ko wanka sai da bokiti."

"Ƙarnin motarka fa?"

"Sadin na ci."

"Gwangwani nawa? Ɗari biyu?"

Mudasiru ya duƙar da kai. "Kula aka ba ni in kai ma 'yan'uwa a unguwar Mu'aither. Ban buɗe ba."

"Wa ya ba ka?"

"Na manta."

"Ran Laraba za ka tuna, a cikin jirgi."

"Yara uku nake biya ma makaranta, Ofisa," in ji shi. Amma bai faɗi suna ba.

Azahar ta yi. Baballe, kukun ma'aikata, ya rantse Sufeto ba zai bar gonar da yunwa ba. Ya ajiye masa tuwon shinkafa da miya. Sufeto ya yi loma biyar kafin ya tsaya ya dubi tsokar da ke hannunsa, fara fat, mai kauri kamar ƙirjin rago.

"Baballe, wannan fa?"

"Kaza ce, ranka ya daɗe."

"Kaza mai ƙaya?"

"Irin ta ƙasar waje ce."

Sufeto ya yi tunanin yadda zai rubuta a rahoto cewa ya cinye wani sashe na hujja. Da ya ga ba gyara, sai ya ƙarasa kwanon. Ya nemi shayi, aka kawo masa da tsinken dabino a ciki don juyawa.

"Ina cokulanku?"

Nan Baballe ya manta da ƙarya, haushin gaske ya taso masa. "Dozin guda na kawo! Wata uku ana ɗauke su ɗaya-ɗaya. Sai dai in tsinci mariƙin a bayan ɗakin maigadi, an yanke kan."

Maigadin, Sabo, dattijo ne siriri, mutumin Yawuri. Bai tashi ba da ya ga kaki. Tafin hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma.

"Me ya sami hannun, Malam Sabo?"

"Ƙyauren get."

"Ka san kifin nan?"

"Ni get aka ce in tsare, Yallaɓai. Ba a ce in tsare ruwa ba."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ya sa aka tara ma'aikata a bakin ramin, har da manaja, ya buɗe littafinsa ya yi gyaran murya.

"Bincike ya ƙare. Mudasiru direba ya zuba maganin ƙwari a ruwa, kifi ya taso matacce, ya kwashe. Da ma ba mai iya kama irin wannan kifi da ƙugiya. Manya masu kayan aiki sun gwada shekara bakwai. Zo ka sa hannu, Mudasiru."

Mudasiru ya miƙe yana kuka.

"Maganin ƙwari?"

Sabo ne. Ya ratso mutane har gaban Sufeto.

"Ka goge wannan, Yallaɓai. A gidanmu ba a taɓa sa wa ruwa guba ba, tun kakan kakana. Kuma wannan da ko kwaɗo bai iya kamawa za ka rubuta wa giwan ruwa?"

"To wa zan rubuta?"

"Sabo Ɗanlami Yawuri. Ka rubuta da kyau."

Ya warware tsumman. Zaren fatsa ya tsaga tafin hannun daga gefe zuwa gefe.

"Bara na gaya wa mai gonar da baƙinsa kifin ba ya inuwa. Na ce ƙasan ramin nan ba ɗaya ba ne, akwai tudu akwai kwari. Can gefen, daga gaba uku sai ya zurma gaba tara, a bakin wannan gangaren yake kwanciya yana jiran abinci. Wannan," ya nuna manaja da haɓa, "ya fassara musu, suka yi ta dariya. Ɗaya ya miƙo mini takalminsa in goge."

"Sai ka sace cokula."

"Goma sha ɗaya duwatsun ƙasa suka cinye. Na goma sha biyu na huda shi, na sa ƙugiya, na goge shi da toka har yana walƙiya. Jiya kowa ya tafi masallacin Juma'a, ni an bar ni da get. Na jefa, na ƙirga ashirin yana nitsewa, na riƙa fizga a hankali kamar ƙaramin kifi mai ciwo. Da ya cafka sai da na zauna a ƙasa. Awa biyu muna ja, ba sanda, ba faifan naɗe zare, zare kawai a jikin gorar ruwa."

"Me ya hana ka sake shi?"

"Na so mai gonar ya dawo ya gan shi a hannuna. Sai kifin ya haɗiye ƙugiyar har ciki, ya mutu. Masunci kuwa ba ya cin babban kamu shi kaɗai. Na raba. Direba bai san abin da ya ɗauka ba."

"Da na yi shiru, da ka bari an kore shi?" in ji Sufeto.

Karon farko Sabo ya kawar da ido. "Ina ta cewa gobe zan faɗa." Ya juya. "Ka yafe ni, Mudasiru."

Manaja ya hau faɗa da Larabci, yana cewa yanzu kujerar jirgin Laraba ta sami mai ita. Sabo ko kallonsa bai yi ba.

Sufeto ya rubuta bayanin a kan bonet ɗin mota, ya miƙa masa biro. Sabo ya ce a karanta masa tukuna. Da aka zo kan nauyi, ya ɗaga hannu.

"Kilo nawa ka ce?"

"Talatin. Haka manaja ya faɗa."

"Manaja ya taɓa ɗaga shi? Arba'in da uku. A sikelin dabino na auna."

"Malam Sabo, in ya ƙara nauyi laifinka ne ke ƙara nauyi."

"Na sani. Gyara."

Sufeto ya dube shi, ya soke talatin ya rubuta arba'in da uku. Sabo ya sa hannu da hannunsa mai ciwo, ya miƙa wa Mudasiru makullan get, ya buɗe ƙofar bayan motar 'yan sanda da kansa ya shiga.

"Yalla, mu tafi," in ji shi.