Koriyar Tuta

"Auta, ki dube ni mana! Magana nake miki!"

Ba ta dube shi ba. Layin dogo take kallo, kamar yau ta fara ganinsa.

Direban jirgin kaya ne. Shekara biyu kenan yana wucewa ta ƴar tasharsu duk Talata da Asabar, ita kuma tana tsaye bakin layi tana ɗaga masa koriyar tuta ya wuce. Aikin Baba ne ta gada tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma saboda aikin ne kamfani ya bar musu gidan da suke ciki.

"Sun mai da ni jirgin fasinja, can ƙarshen layi. Ba zan ƙara biyowa ta nan ba. A ɗaura mana aure mu tafi, zuciyata..."

"Baba fa?"

"Mu tafi da shi!"

"Ɗaki ɗaya suka ba ka, a saman bene. Mutumin da ko zama ba ya iya yi sai an jingina shi? Ga kabarin Inna a bayan tasha, kullum sai na juya Baba ya kalli wajen."

"To ni in yi yaya? In mutu?"

"Ba za ka mutu ba," ta ce. Ita kanta ta yi mamakin yadda muryarta ta fito, babu zafi babu sanyi.

Ya goge fuskarsa da hularsa mai warin gas.

"Asabar ce tafiyata ta ƙarshe. Kin san jirgin kaya ba ya tsayawa a nan. In kin yarda, ɗaga min jar tuta. Wallahi zan taka burki, ko da za su kore ni!"

Ashe Baba na jin komai ta taga. Baki ne ya mutu, kunne kam garau.

Ranar Asabar ta yi shara, ta yi wa Baba wanka, ta sa kayan aiki. Tana jiran zuciyarta ta buga ko ta yi ciwo, amma shiru, kamar ta wani ce aka ba ta ajiya.

Ƙarfe goma saura, waya ta yi ƙara, aka ce jirgi ya baro tashar baya. Ta miƙa hannu bayan ƙofa inda tutocin suke. Ja kaɗai ta tarar.

Ta duba ƙarƙashin tebur, ta duba bayan kujera. Sai idonta ya faɗa kan Baba. Ga koriyar nan a ƙirjinsa, ya damƙe ta da hannunsa mai lafiya. Allah kaɗai ya san yadda ya ja jiki har ya kai ga ƙofar.

"Baba, ba ni."

Ya girgiza kai.

"Baba, don Allah... jirgi na zuwa!"

Bakinsa ya karkace, da ƙyar kalma ɗaya ta fito.

"Ta... fi."

Ƙasa ta fara rawa. Auta ta durƙusa gabansa, ta shiga ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon nan da ƙarfi! Hawayensa na ɗiga a bayan hannunta, ita kuwa ko ɗigo.

Ta fita, ta tsaya daidai inda Baba ya tsaya shekara talatin. Ta miƙe hannu sambal yadda ya koya mata, ta ɗaga koriyar.

Direba ya leƙo har kafaɗa. Ta ga bakinsa yana kiran sunanta, ƙarar inji ta cinye. Ba ta sauke hannu ba sai da tarago na ƙarshe ya wuce. Arba'in da ɗaya, ta ƙirga su kamar kullum.

Ta koma ciki, ta mai da tutar bayan ƙofa, ta ɗauko kofi.

"Buɗe bakinka, Baba. Shayinka ya huce."