Shuɗiyar Ƙofa da Kujerar da Ba Kowa

"Minti biyar kawai, rabin raina..."

"Tun safe nake jin minti biyar ɗin nan!"

Malama na tsaye bakin ƙofar ɗakin otal, jaka a kafaɗa. Mijinta kuwa yana gefen gado da singileti, waya manne da kunne, ya ɗaga mata hannu kamar mai ba motoci hannu a titi.

"Mama ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Auta ya yi faɗa da matarsa, wai sai na yi musu sulhu."

"Daga nan ɗin? To naka gidan fa, wa zai yi masa sulhu?"

"Haba! Me ya sami gidanmu kuma? Ki yi gaba, wallahi ina bayanki."

Ta tsaya ko zai ɗago ya dube ta. Har ya koma "Na'am Mama, ina jinki." Ta ja ƙofar a hankali.

Injiniya ne, kuma babban ɗa. Tun rasuwar mahaifinsu komai na gidansu a wuyansa yake, ko famfo ne ya tsiyaye sai an kira Yaya. Wannan halin ne ma ya sa ta so shi tun farko. Ba ta san cewa a layin masu jiransa ita ce za ta zama ta ƙarshe ba.

Da ta kai kuka, kowa amsarsa ɗaya: "Ki gode wa Allah, ba ya duka, ba ya zagi." Kamar dai rashin duka shi ne aure! Mace ta bushe a tsaye cikin ɗakinta, a ce mata ai lafiya lau.

Abokin hirarta kullum wani shiri ne mai dogon zango, labarin wani tela da matarsa a gida mai shuɗiyar ƙofa. Duk yamma telan zai ajiye almakashi, ya ja kujera a kicin, ya ce, "Yau me ya faru da ke?" Shekara da shekaru tana kallo, mijinta na gefenta a kujera ɗaya yana danna waya. Da ya sami hutu ya ce ta zaɓi inda za su je, ta zaɓi garin da aka ɗauki shirin. Kafin su taso ta gaya wa yayarta, "In tafiyar nan ba ta gyara mu ba, ki share min ɗaki. Wajenki zan sauka."

Motar 'yan yawon buɗe ido ta sauke su a wani siririn titi. Ga ƙofar nan! Fentin ya ɗan koɗe, amma ita ce.

Wata tsohuwa ce mai gidan, ita ke zagayawa da baƙi da kanta. A kicin aka yi layi, don al'adar wajen ke nan: bibbiyu ake zama a teburin, namiji a kujerar tela, mace a ta matarsa, ya yi mata tambayar nan, a ɗauke su hoto. Wani mai tumbi ya manta maganar, ya ce wa matarsa, "Yau me kika dafa?" Ta kai masa duka da jaka, ɗaki ya ɗauki dariya.

Layi ya zo kan Malama.

"'Yata, ina naki telan?" in ji tsohuwa.

"Yana hanya, Inna."

"To matsa gefe, mu ba masu tela waje."

Ta koma jikin taga. Aka zauna, aka tashi, aka zauna. Motar ta kwashi mutanenta ta tafi, Malama kuwa ta ce a bar ta. Kicin ya yi tsit, sai agogon bango. Ta ja kujerar matar ta zauna, ta zuba wa ɗaya kujerar ido.

"Kin san wani abu?" Tsohuwa ta zauna kan wani ɗan benci tana matsa ƙafa. "Rabin hirar nan da ke sa ku kuka, yarinyar da ta fito a matar tela ita kaɗai ta yi ta. Shi yana can wani aikin. Salatif ake manna mata a bayan kujera, a ce ta kalle shi ta yi magana. Daga baya a zo a ɗauki nasa a haɗa."

"Ita kaɗai... take magana?"

"Da salatif! Kuma har da hawaye, baiwar Allah."

Malama ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Sai wayarta ta yi ƙara.

"Rabin raina, na iso!" Muryarsa cike da murna, iska na kaɗawa a bayansa. "Ina tsakiyar gadar, har fure na sayo miki. Kina ta wane ɓangare?"

"Wace gada?"

"Gadar fim ɗinki mana! Na ce wa mai tasi ya kai ni inda ake ɗaukar fim. Ga hoton jarumin nan riƙe da bindiga..."

Ta rufe ido.

"Babu gada a shirina. Babu bindiga. Tela ne da matarsa."

Ta miƙe tsaye daga kujerar.

"A gefenka nake kallonsa kullum. Kafaɗarka na taɓa tawa! Ko sau ɗaya ba ka ɗago ka ga me ke sa matarka kuka ba?"

"Ki yi haƙu..."

"Kada ka ƙarasa! Na sha haƙuri har ya ginshe ni. Na gaya wa yayata ta share min ɗaki, ka sani? In mun koma can zan sauka."

"Kina ina? Don Allah, kina ina?"

Tsohuwa ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta yi masa kwatance tiryan-tiryan, ta ƙara da cewa, "Ka yi sauri, ɗana, ni ba na kwana da baƙi."

Rana ta yi sanyi kafin ya shigo, yana haki, furen ya yi laushi a hannunsa. Ya dubi kicin ɗin kamar wanda ya faɗo wata duniya. Ba abin da ya gane a ciki, ko cokali.

"Zauna can," in ji tsohuwa. "Ka san abin da ake faɗa?"

Ya girgiza kai, kunya ta rufe shi.

"Kada ki gaya masa, Inna," in ji Malama.

Tsohuwa ta fita ta ja musu ƙofa. Ya zauna. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da ta manta yana da shi. Ya ga ramar wuyanta, ya ga idanunta da suka faɗa.

"Yaushe kika rame haka?" Muryarsa ta karye. "Ina nake?"

"Kana waya."

"Ban san maganar telan ba, rabin raina. Ban san komai ba. Na ɗauka tunda ba kya ƙorafi, lafiya kike... Gaya min. Duk abin da ya wuce ni, gaya min."

"Yana da yawa. Wani ba zai maka daɗi ba. Har da Mama a ciki."

"Na ji. Ni zan yi mata magana, ba ke ba."

"Kuma ɗakin gidan yayata yana nan a share. Ban ce na fasa ba."

"Na sani." Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. "Ki fara kawai."

Ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa. Bai ce ta yi shiru ba, bai ce ta yi haƙuri ba. Ya jawo kujerarsa kusa da tata, ya riƙe hannunta, ya jira.

"Ranar da aka ƙara min girma a makaranta," ta ce da ƙyar, "na dawo gida da gudu don in gaya maka..."

"Ina jinki," ya ce. "Sai me ya faru?"