Albasa a Jinin Dokin Malami

Ran Talata da hantsi aka tarar da goɗiyar Malami matacciya a Birnin Tudu. Dokinsa kuma yana tsaye da kyar, dasashi fari fat, fitsari ja kamar zoɓo. Kafin Ɗantani malamin dabbobi ya iso daga Mafara, gari ya gama yanke hukunci: shanun Sambo Bafillace ne suka kawo cutar sammore, ya kwashe su ya bar filin da aka ba shi bakin hanyar ruwan dam.

"Wa ya duba?" in ji Ɗantani.

"Kowa ya sani," in ji Malami.

"Kowa likita ne ke nan! Ku riƙe mani dabba."

Ya ɗebi jinin dokin da na shanun Sambo biyar, ya koma ya sa a madubin duba jini. Da la'asar ya dawo ransa a ɓace.

"Sambo, yaushe shanunka sunka sha ruwa da dawakin ga?"

"Wallahi tun girbi ba su haɗu ba, Malam."

"Jinin shanunka lafiya lau. Zauna." Ya juya ga Saude, matar Malami. "Hajiya, mi kike ba dawakin?"

"Dusa da harawa. In ƙarya nike a bincike rumbu."

Ya bincika, haka ne. Sai ya sa aka kwance dokin a gaban jama'a.

"Ku saurara. Saniya in jininta ya ragu, ɗanyun ƙwayoyin jini ka fitowa ka gan su a madubi. Doki ba ya sakin nashi ɗanyu, girman ƙwaya ake dubawa. Doguwar cuta irin sammore kan kashe ƙarfin ɓargo mai yin jini. Wannan ko ƙwayoyinsa manya ne, ɓargo na aiki ba hutu, wani abu na fasa su. Ga ɗigo a gefen kowace, alamar albasa. Sati uku aƙalla wani na cusa masu ita."

Dokin ya ja ƙafa, ya wuce Malami, ya wuce Saude, ya je ya tura hanci cikin aljihun Maikuɗi, mai gonar albasa da ke iyaka da filin Sambo.

"Kai! Ku janye shi!"

"Ya san mai ba shi," in ji Ɗantani. "Juye aljihu."

Ruɓaɓɓun albasa uku suka faɗo. Maikuɗi ya fara rantsuwa wai tausayin dawakin ne ya sa yake ba su.

Ɗantani ya ce, "Tausayi a ɓoye, bayan danga? An gaya mani kai ka fara cewa sammore, don a kori Sambo ka haɗe filinsa da naka."

Malami ya ɗaga sanda zai bugi Maikuɗi, Ɗantani ya riƙe ta.

"Aje! Da safe da ita ka so ka kori marar laifi. Wannan na alƙali ne. Kai je ka ba Sambo haƙuri, sannan ka ba doki ruwa."